Daga Sito Zuwa Gadon Majinyaci: Inda "Babu" Take Samo Asali a Asibitocinmu

 

Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, shugabannin asibiti da suka karɓi baƙuncinmu, iyayenmu sarakuna da malamai, likitoci, abokan aikina masana harhaɗa magunguna, nas-nas da ungozomomi, ma'aikatan sito da direbobin da na hango can baya, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan lacca, suka kuma ga ya dace a ware rana guda domin abin da ba kasafai ake kiran taro a kansa ba, wato yadda ake sayo kayan aikin asibiti, a adana su, a kai su hannun mai buƙata a kan lokaci.

Akwai kalma ɗaya da duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar nan ya san ɗacinta. Ka bi layi, ka miƙa takarda ta taga, a dube ta, a turo maka ita, a ce: "Babu, sai dai ka duba kemis a waje." A kan wannan kalma zan yi magana yau. Abin da nake son mu tashi da shi shi ne, "babu" ɗin da aka faɗa maka yau an shuka ta ne wata uku ko wata shida da suka wuce, a wani ofis ko a wani sito, kuma hannun mutum ne ya shuka ta.

Bari in fara da abin da idona ya gani a farkon aikina, a wani babban asibiti da ba sai na ambaci sunansa ba. Wajen ƙarfe 2 na dare wata baiwar Allah ta haihu, jini ya ɓalle mata. Aka nemi allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, aka ce ta ƙare a ɗakin haihuwa. Aka rubuta wa mijinta takarda ya fita yana buga ƙofar kemis-kemis a cikin duhu. Allah Ya yi da sauran kwananta a gaba, wata tsohuwar ungozoma ta buɗe durowarta ta ɗauko kwalba biyu da ta ɓoye saboda irin wannan dare. Da gari ya waye sai ga kwalaye na wannan allura a babban sito, taku kaɗan daga ɗakin, a kulle, mai makullin ya tafi gida tun la'asar. Ku riƙe mini wannan labari, don zan komo kansa fiye da sau ɗaya.

Na farko: lissafi

Kowace uwargida a ƙauye ta san wannan ilimi. Ta san kwano nawa gidanta ke ci a rana, ta san dami nawa ya rage a rumbu, ta kuma san ba za ta jira sai ta ga ƙasan rumbun ba kafin ta gaya wa maigida. To me ya sa asibiti mai gado ɗari biyu zai kasa abin da uwargida ke yi da ka?

Tambayoyi uku ne ginshiƙin wannan aiki. Nawa muke amfani da shi a wata? Tsawon wane lokaci kaya ke ɗauka daga ranar da muka nema zuwa ranar da suka iso? Nawa za mu ajiye a gefe saboda tsautsayi? A ce asibitinku na amfani da kwali 100 na ruwan da ake ƙara wa majinyaci a kowane wata, kuma daga rubuta takardar neman kaya zuwa saukar da su a bakin sito wata 2 ne, sannan kuna son ajiyar wata 1. Ke nan ranar da abin da ke hannunku ya sauko kwali 300, ranar ce ya kamata takarda ta tashi. Wanda ya jira sai ya ga saura kwali 20, ya riga ya yanke wa majinyata hukuncin kusan wata biyu na zarya zuwa kemis, ko da kuwa babu wanda ya ci kwabo.

Dukan wannan lissafi a kan abu ɗaya ya tsaya: katin nan da ake ratayewa jikin kowane kaya a sito, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage. Ko a kwamfuta ake yi, aikin ɗaya ne. Idan aka bar katin sai ƙarshen wata a zauna a cike shi da ka, to ya zama ƙagaggen labari, kuma duk wanda ya yi oda a kansa zai yi kuskure.

Akwai wani tarko a nan da nake son ɗalibai su saurara da kyau, don har ƙwararru na faɗawa. A ce a wata 6 katinku ya nuna kun fitar da kwali 400. Sai mai lissafi ya raba 400 gida 6, ya ce kuna shan kimanin 67 a wata. Amma ya manta cewa wata 2 daga ciki kayan sun yanke, babu abin da za a fitar. Gaskiyar lissafin ita ce 400 a wata 4, wato 100 a wata. Idan aka yi oda a kan 67, kayan za su sake yankewa, lissafi na gaba ya ƙara raguwa, haka "babu" za ta yi ta haifar 'ya'yanta. Haka nan kwalba biyun da ungozomar nan ta ɓoye. Na fahimci dalilinta, na kuma yi mata addu'a a daren. Sai dai idan kowane ɗaki yana da ɓoyayyar durowa, babu mai iya faɗin abin da asibitin ya mallaka. Maganin wannan shi ne a bai wa ɗakin haihuwa da ɗakin gaggawa akwatinsu na hukuma, a ƙirga shi a kowane canjin aiki, a cike gurbin abin da aka taɓa kafin dare ya yi.

Sannan ƙasarmu tana da yanayi, cuta kuma tana bin yanayi. Damina na sauka zazzaɓin cizon sauro zai cika gadajen yara, tare da shi kuma buƙatar ƙarin jini. Shi ya sa ake rabon maganin rigakafinsa wata-wata a lokacin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa wata 59, kuma maganin da ya iso bayan ruwa ya ɗauke ya makara. Sanƙarau da zafin bazara yake zuwa. Sarar maciji tana yawaita lokacin shuka da girbi, kamar yadda ma'aikatan asibitin Kaltungo a jihar Gombe suka fi kowa sani, inda yankewar maganin dafin kububuwa ke nufin rasa rayukan manoma. Shin akwai ɗaya daga cikin waɗannan da ke zuwa ba zato? Duk shekara suke zuwa, a watanninsu. Da sanyin safiya ake kama fara.

Na biyu: kuɗi

A shekarar 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, suka amince da wani tsari da daga cikinsa muka sami asusun magani mai juyawa. Hikimar mai sauƙi ce: a zuba jari sau ɗaya, a sayar da magani da 'yar riba kaɗan, kuɗin da aka samu a sake sayo magani da su. Tsarin yana aiki a duk inda aka bar shi ya yi aiki. Abin da ke kashe shi kuwa kowa a ɗakin nan ya sani. Yau a ranci kuɗin asusun a sayi man janareta, da alkawarin za a mayar. Gobe wani babba ya aiko a ba yaronsa magani "a rubuta". Jibi a yi wa wanda ba shi da hali afuwa, abin da ya dace ƙwarai, amma ba a tanadi aljihun da zai biya madadinsa ba. Kafin shekara jari ya narke. Ga kuma faɗuwar darajar Naira, musamman tun daga 2023: wanda ya sayar da magani a kan farashin da ya saya bara, kuɗin da ya tara ba za su dawo masa da adadin kwalayen da ya sayar ba.

Kada kuma mu raina biyan bashin masu kawo kaya. A watan Agusta na 2017, a wani asibitin koyarwa da ke Gorakhpur a ƙasar Indiya, kamfanin da ke kawo iskar oksijin ya dakatar da kawowa saboda tarin bashin da ba a biya shi ba, bayan ya sha rubuta takardun tuni. Cikin 'yan kwanaki yara sama da 60 suka rasu a asibitin, lamarin da ya girgiza ƙasar baki ɗaya. Fayil ɗin biyan kuɗi da ya kwana wata uku a kan tebur, yana da alaƙa kai tsaye da numfashin jaririn da ke kwance a ɗakin yara. Ina roƙon ma'aikatan sashen kuɗi su ɗauki kansu a matsayin ma'aikatan lafiya, domin su ɗin ne.

Na uku: a ina muke saya?

Idan sito ya bushe, sai a shiga sayen gaggawa, kuma ta wannan ƙofa jabu ke shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kimanin ɗaya cikin kowane goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, ko dai jabu ne ko marar inganci. Mu ba a littafi muka karanta wannan ba. A 1990 yara 109 suka mutu a Najeriya bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da wani sinadari mai guba. A 2008 sinadarin nan dai ya sake bayyana a maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, ya kashe aƙalla yara 84. A 1995 kuwa, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Jamhuriyar Nijar, aka yi wa dubban mutane allurar rigakafin da daga baya aka gano jabu ce, babu sinadarin rigakafin a cikinta, kuma daga Najeriya aka kai ta a matsayin gudummawa. Wanda ya bayar da niyyar alheri ya bayar. Amma waye ya binciki inda aka samo ta?

Saboda haka nake goyon bayan sayen haɗaka ta hannun hukumomin samar da magunguna na jihohi, irin waɗanda Kano da Kaduna ke da su, muddin suna sayowa daga masana'anta ko wakilinta mai rajista, suna kuma kai samfuri gwaji. Haka nan mayar da dillalan magani na Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro da ke kan titin Zariya a 2024, duk da ƙorafin da ya biyo baya, mataki ne da ya sauƙaƙa wa NAFDAC da hukumar masana magunguna sanin wa ke sayar da me. Ga mai karɓar kaya a sito kuma, ka duba lambar rajista, lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, ka rubuta su. Ranar da aka ce a janye wani rukuni daga kasuwa, wannan rubutun ne kaɗai zai nuna maka ɗakin da ka tura shi.

Na huɗu: zafi da sanyi

Nan zan ɗan daɗe, domin nan ne magani ke mutuwa shiru, kwalinsa sabo fil. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa. Yawancin ƙwayoyin magani an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. To yaya sito mai rufin kwano, marar silin, marar taga? Yaya bayan motar da ta tsaya awa uku a rana direba na jiran sa hannu?

Mu koma kan oksitosin. Wannan allura a firji ake son ta zauna, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ta daɗe a zafi ƙarfinta na raguwa, alhali ruwanta garau yake, ido ba ya gane bambanci. Wato kwalba biyun da suka kwana watanni a durowar ungozoma, sa'a aka yi suka yi aiki. Sau nawa ake yi wa mace allura biyu, uku, jini bai tsaya ba, a ce jikinta ne ya ƙi? Wa ya tambayi inda allurar ta yi bazara? Insulin na masu ciwon sukari ma haka yake. Jini kuwa tsakanin digiri 2 zuwa 6 ake ajiye shi, kuma ko a haka kwanakinsa ba sa wuce 35 zuwa 42, gwargwadon ruwan da aka adana shi da shi.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sanyi ma yana kashe rigakafi. Rigakafin ciwon hanta, da na tetanus, da allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi wa jarirai, idan suka daskare sun lalace. Ma'aikaci mai kishin aiki zai ciro ƙanƙara daga firiza ya jera kwalaben a jikinta, a zatonsa ya kyauta, ashe ya ɓata su. Ƙa'ida ita ce a bar ƙanƙarar ta fara narkewa har a ji ruwa na motsi a ciki kafin a jera. Akwai kuma ɗan tambarin nan da ke jikin kwalbar rigakafi, murabba'i a cikin da'ira, wanda aka fara liƙawa a rigakafin shan inna a 1996. Yana yin duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, kuma da zarar launinsa ya kai na da'irar ko ya fi shi duhu, ba a amfani da ita. Mun yaƙi shan inna a Arewa da taimakon wannan ɗan tambari da akwatunan sanyi da matasa suka yi ta ɗauka a kafaɗa.

Firji mai aiki da hasken rana ya kawo sauƙi babba a karkara, ban musa ba. Amma yana son a share ƙurar hunturu daga allunansa, a duba ma'aunin zafinsa safe da yamma a rubuta, har da ranar Juma'a da ranar Sallah. Kuma ba wurin ajiye zoɓo da ruwan sha ba ne.

Na biyar: ranar lalacewa da kayan kyauta

A sito, wanda zai riga lalacewa shi ke riga fita, ko da jiya ya shigo. A jera shi gaba, a rubuta ranar da babban baƙi a jikin kwali. Idan aka ga ba za a iya cinye shi ba, a tura wa asibitin da ke nema tun da sauran wata shida.

A watan Disamba na 2021 hukumomin Najeriya sun lalata rigakafin korona na AstraZeneca sama da miliyan 1 a Abuja, domin an ba mu su kyauta ne suna dab da lalacewa. Bayan nan gwamnati ta ce ta daina karɓar irin wannan kyauta, kuma ta yi daidai. Ina kira ga attajiranmu da 'yan siyasa masu son taimakon asibiti: ku tambayi asibitin abin da yake buƙata kafin ku saya. Na'ura mai tsada da ba a haɗo ta da kayan gyara ba, ba a koyar da mai sarrafa ta ba, ba a tanadi sinadaran da take ci ba, ƙura za ta sha a lungu.

Na shida: hanya

Mafi yawan maganin da muke sha daga waje yake zuwa, musamman Indiya da Sin, wanda muke haɗawa a gida ma sinadaransa shigo da su ake yi. Ke nan igiyar tana da tsawo, kuma a ko'ina tana iya tsinkewa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, da aka rufe iyakoki, kayan magani da suka saba shigowa ta tashar Kwatano suka maƙale, majinyata a Yamai da Maraɗi suka ji a jikinsu. A 2023 ɗin ne kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu ciwon asma suka ga yadda farashin abin shaƙarsu ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa, wanda ya haɗa da jigilar magungunan ƙanjamau da na zazzaɓin cizon sauro. Su kansu masu ƙarfin ba su tsira ba: a Satumbar 2024 ambaliya ta rufe masana'antar Baxter a jihar Karolina ta Arewa, wadda ke samar da kimanin kashi 60 cikin 100 na ruwan ƙari a Amurka, har asibitoci suka riƙa ɗage tiyata. A watan ne kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa na Maiduguri ya lalata kayan aiki. Duk kayan da rai ya rataya a kansu, kada ku dogara da mai kawowa ɗaya, kada kuma ku tara su a ɗaki ɗaya, a ƙasa.

Zangon ƙarshe shi ne mafi wuya: daga hedikwatar ƙaramar hukuma zuwa ƙauyen da rafi ke yankewa da damina, ko wanda rashin tsaro ya hana direba shiga. Kamfanin Zipline ya fara kai jini da jirage marasa matuƙa a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, ya fara aiki a jihar Kaduna a 2022. Ga jini da maganin dafin maciji da rigakafi, abin a yaba ne. Sai dai jirgin ba ya tashi sai wani ya duba kabad ya ga abin da ya kusa ƙarewa ya aika saƙo. Mun sake komowa kan kati, da kuma mai riƙe da shi.

Shi wannan mutum, ranka ya daɗe, a asibitoci da yawa sito ne inda ake tura wanda aka rasa inda za a kai, ko wanda ake son a hukunta. Mu danƙa masa kayan miliyoyin Naira da rayukan jama'a, ba horo, ba fanka, ba mai sauraron rahotonsa. Ina roƙon shugabannin asibitocin da ke nan, daga mako mai zuwa, ku zaɓi kaya ashirin da rashinsu ke kisa cikin awoyi, irin su oksitosin, allurar jijjigar masu ciki, ruwan ƙari, jini, iskar oksijin, allurar zazzaɓi mai tsanani da safar hannu. A kawo muku adadin kowanne da kwanakin da zai kai duk safiyar Litinin, ku kuma taka da ƙafarku ku shiga siton ku ƙirga ko da guda uku ne ku gwada da abin da kati ya ce. Makulli kuma a san hannun da yake kwana.

  Yanzu fili naku ne, ina sauraron tambayoyi, kuma zan so a fara ba ma'aikatan sito da ungozomomi dama.